Layin da Ban Rubuta Ba

Shekara shida ke nan ina koyar da Sifaniyanci ga tsofaffin da suka yi ritaya, duk Talata da hantsi, a wani ɗaki na laburaren unguwarmu a birnin El Paso na Amurka. Kowane mako nakan zaɓi sababbin kalmomi in ƙulla ɗan labari da su, kowa ya karanta layi biyu.

A wannan makon kalmomin gida ne: rijiya, guga, igiya, ɓaure. Ƙyuya ta hana ni ƙirƙira, sai na rubuta gidan kakata na Zacatecas, can ƙasar Meziko, yadda nake tuna shi, na ƙare da cewa an rufe bakin rijiyar da katako.

Layin ƙarshe ya faɗa kan Harlan Pruitt, tsohon direban jirgin ƙasa. Shekara biyu yana zuwa, amma gaisuwa ma sai ya yi gumi.

"Yau harshe zai sha wuya," in ji Doreen, maƙwabciyar kujerarsa. "Malama, mu je mu sha kofi kafin ya gama."

"Ke dai ji da haƙoranki na roba," ya ce, ya gyara tabarau.

Ya fara da in'ina kamar kullum. Yana isa kan rijiyar sai muryarsa ta sirance, harshensa ya miƙe, ya koma irin maganar ƙauyenmu mai jan ƙarshen kalma. Rubutu ya ƙare, shi bai tsaya ba. Idonsa a kan farar takarda, ya ce an rufe rijiyar ne ranar da aka ciro gawar Amparo daga ciki da jan takalmi ƙafa ɗaya, kuma Chayo ce ta ce mata ta leƙa.

Chayo mahaifiyata ce. 'Yan gidansu kaɗai ke kiranta haka.

"Baba Harlan, a ina ka ga wannan?"

"Wanne? Na ɓata ne? Kalmar gugan nan ce ke kayar da ni." Ya murza damatsansa. "Wa ya ƙara sanyin ɗakin nan?"

Ana tashi na kira Mama daga cikin mota.

"Mama, wace ce Amparo?"

Na ji ta kashe talabijin.

"Ƙanwata ce. Tana shekara huɗu, ina shida. Duk wanda ya san zancen nan yana kabari, Ofelia. Wa ya gaya miki?"

Na ba ta labari. Ta tambaya a hankali, "Amparo ta ce tana fushi da ni?"

"Ba ta ce ba, Mama."

Da Talata ta zagayo sai ga ta da baƙin mayafi, ta zauna a kujerar baya. Na sake miƙa wa Harlan takardar. Ya yi ta tuntuɓe har ya kai kan katakon, ya tsaya, ya ɗago yana murmushi don wannan karon bai ɓata guga ba.

Kowa ya watse, Mama na zaune tana kallon takardar. Har yau ba ta fasa zuwa ranar Talata ba.