Gyaran Baba Hammanjoda

Suwaiba ma'aikaciyar gwamnati ce a Jalingo. Idan ta tashi daga ofis, ita da abokin aikinta Manasseh ke kula da wata manhaja ta kyauta da ƙananan makarantu ke buga sakamakon jarrabawa da ita. Kowa na iya duba cikinta ya turo gyara, amma sai sun amince yake shiga.

Wata Laraba gyara ya iso daga Hammanjoda, tsohon malamin lissafi a Kona wanda ya koyi rubuta manhaja bayan ya yi ritaya. Layi ɗaya ya canza. Ya ce takardar jikarsa Ɗayyiba ta fito da alamar tambaya a madadin Ɗ, yarinyar ta ɓoye ta don kunya.

"Layi ɗaya ne fa, ki karɓa kawai," in ji Manasseh.

"Bari dai in gwada."

Ta gwada da sababbin sunaye da kuma kwafin tsofaffi. Sababbi sun fito daidai, amma duk tsohon suna mai ƙ ko ɓ ko ɗ ya ɓace idan an neme shi. Da ta karɓa, da yara da yawa sun rasa sakamakonsu a ƙarshen zango.

Ta kira Hammanjoda ta yi masa bayani.

"'Yata, ki goge shi. Na shiga abin da ya fi ƙarfina."

"Baba, matsalar da ka gano gaskiya ce, mu ba mu taɓa lura ba. Rabin aikin ka yi. Asabar kana gida?"

Ran Asabar ta hau keke Napep ta je. Suka zauna a ƙarƙashin mangwaro, kwamfutarsa a kan benci. Ba ta taɓa ta ba. Ta nuna masa inda tsofaffin sunayen ke maƙalewa, shi kuma yana bugawa da yatsa biyu, yana gyara zaman tabarau. Ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Suka ƙara gwajin da zai kama matsalar idan wani ya dawo da ita.

Da komai ya wuce lafiya, ta karɓi gyaran a gabansa, da sunansa a jiki.

"Useko, 'yata," ya yi godiya da Fulatanci a hankali, ya juya yana share ido. Sannan ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo kindirmo, ya tambayi Suwaiba ko akwai wani wurin da ke buƙatar hannu.