Sunan Da Ukasha Bai Rubuta Ba

Da hantsi takardar ta iso Nasarawan Doya. Ukasha ya sa an karanta masa, ya ninke ta huɗu, ya koma gindin tukunyar mazarƙwailarsa ya zauna, ruwan rake na tafasa yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Murja ta san mijinta kamar yunwar cikinta. Shekara goma sha tara ke nan da ya sauko daga wani ƙauyen Maraɗi da niyyar cin ranin wata uku, sai ya haɗu da ita a kasuwar Makarfi tana auna gyaɗa. Wata ukun nan har yau bai cika ba. Bara ya nemi a ba shi shaidar zama ɗan Najeriya, ya yi ta sintiri tsakanin Kaduna da gida har takalminsa ya cinye.

"Baban Isma'ila, lafiya?"

"An ƙi," ya ce a hankali. "Tunda ba a so na, in rake ya ƙare sai in tattara in koma gida."

Gida! Kalmar ta soke ta a ƙahon zuci. To nan ɗin ina ne? Ba ta yi kuka ba. Ta zare takardar daga aljihunsa, ta kama bakin rigarsa kamar amaryar jiya, ta ja shi sai gidan Madam Philomena, tsohuwar malamar firamare wadda ta zo daga kudancin Kaduna tun Murja ba ta iya ɗaurin zani ba.

Madam ta ɗora tabarau a karan hanci, ta karanta sau biyu.

"Malam Ukasha, wa ya ce maka ba a son ka? Cewa suka yi ba su ga hujjar ka shekara goma sha biyar a ƙasar nan ba. Kuma ban ga inda aka hana ka sake nema ba. Ina kwafin fom ɗin?"

Yana aljihunsa, don ba ya rabuwa da shi. Ta bi layi da yatsa har ta kai wurin 'ya'ya.

"Isma'ila, shekara goma sha ɗaya. Yahuza, bakwai. To ina babbar? Wadda na koya wa karatu da hannuna?"

Ukasha ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sillen kara.

Nan Murja ta gane, dariya ta taso mata haɗe da hawaye. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta shi ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ta wajen Inna", da yake tun yaye tana hannun kakarta, mahaifiyar Murja. Ashe da mai cike fom ya ce ya lissafa 'ya'yansa, kunya ta sa ya tsallake ta.

"Kai, Bamaraɗe!" Madam ta tafa hannu. "Gwamnati kakarka ce da za ka ji kunyarta? Yarinya ta shekara goma sha bakwai, katin haihuwarta na ɗauke da sunanka, ka bar shi a akwati kana zaune kana cewa an ƙi ka!"

"Madam, a wurinmu ba a yi."

"A wurinmu ma da akwai abin da ba a yi, amma ba a gaban fom ba. Ni ba lauya ba ce, sai dai ga shawara. Ka haɗa katin nan da wasiƙar dagaci da ta limamin da ya ɗaura muku aure. Ka koma ofishin, ka tambaye su me kuma ya rage, ka sa su rubuta maka. Kada ka yarda da na baki."

Ta yago takarda daga tsohon littafin rajista, ta cire murfin biro da haƙori.

"Mu fara. Sunan 'yarka ta fari."

Ya waiwayo ya dubi Murja, idonsa na roƙo. Da ta so, da ta faɗa masa, don ita ta daɗe da karya wannan kunyar. Amma ta kawar da kai tana murza gefen mayafi. In ya faɗa da bakinsa, ya fasa tafiya ke nan.

Wata kaza ta ratsa tsakar gidan da 'yan tsakinta.

"Zulaihatu," ya ce wa ƙasa.

Murja ta rufe baki da tafin hannu. Ashe haka sunan yake da daɗi a bakinsa!

"Ban ji ba," in ji Madam. "Kunnen ya tsufa."

"Haba Madam, ki ji tsoron Allah!"

"Ina jin sa. Kai ne ban ji ba."

"Zulaihatu Ukasha!"

Sai da maƙwabciya ta leƙo ta kan darni. Madam ta rubuta tana ƙyaƙyatawa, shi kuwa ya share gumin goshinsa da hula, ya miƙe yana kakkaɓe wando. Har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Murja, motar Kaduna ta farko ƙarfe nawa take tashi ran Litinin?"