Talin Banɗaki a Layi na Huɗu

Kun gan shi. Kada wani ya ce bai gani ba. Wata shida Baba Nicholas yana tsaye a gaban injin saƙarsa yana matse cinyoyi, ku kuwa kuka kau da kai kamar zaren gabanku ne ya tsinke.

A masaƙarmu ta Kakuri kowane layi yana da tali guda, ɗan faifan tagulla da ake ratayewa a ƙusa kusa da teburin helma, shugaban layin. Ba mai zuwa banɗaki sai da shi a hannu. Mu talatin ne a layi na huɗu, tali ɗaya. Tun farkon wannan shekara ta 1986, da aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata, helmanmu Sylvanus yake lura da wanda ya fi ɗaukarsa.

Baba Nicholas ya shekara ashirin da biyu a kan inji. Bara fitsari ya fara matsa masa, ya je ya tsaya fitsarin ya fito kaɗan-kaɗan, kafin ya koma inji ya sake jin sa. Ni na raka shi wani ƙaramin asibiti a Sabon Tasha, wurin Sista Philomena. Ta ce wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara, takan kumbura idan namiji ya manyanta, ta matse hanya.

"Ba a kai ga wuƙa ba tukuna, Baba," in ji ta. "Ka bar burukutu da shayi mai kauri. Ka riƙa tafiya a ƙasa. Sha ruwanka da rana, ka rage da yamma. In ka gama fitsari, ka ɗan jira ka sake gwadawa. Babban abin dai, kada ka riƙe shi."

Ya yi murmushin gajiya. "To, Sista."

Ya bi duk abin da ya iya. Ya daina leƙa gidan burukutu. Ya jingine kekensa, ya koma taka ƙafa zuwa aiki. Matarsa, Mama Edith, tana soya masa 'ya'yan kabewa ta ƙulle a leda, kamar yadda tsohonta ya yi a ƙauye, ta kuma ɗumama masa ruwa a baho ya zauna ciki ran Lahadi bayan coci. A gida ya samu sauƙi. Amma maganar Sista ta ƙarshe ba a hannunsa take ba, tana rataye a ƙusa.

"Baba, yau sau biyar ke nan," in ji Sylvanus wata Talata, yana kaɗa talin a yatsa. "Ko ofis za mu buɗe maka a can?"

"A sa mini fanka a ciki, Oga," in ji Baba. Kuka yi dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Washegari ya daina zuwa da gorar ruwansa. Awa takwas cikin zafin injuna da ƙurar auduga, ba ko kurɓa ɗaya. In ya matsu sai ya dafa ƙarfen inji ya runtse ido har abin ya lafa. Na same shi lokacin hutu, leɓɓansa duk sun tsage.

"Baba, ba haka Sista ta ce ba."

"Ɗana, Sista ba ta da 'ya'ya biyu a sakandare. Sunana kawai nake so kada ya shiga takardar waɗanda za a rage."

Ran Alhamis ɗin da ta wuce, da ƙarfe biyu na rana, ya ɗauki tali. Rabin awa bai dawo ba. Sylvanus ya ce a je a karɓo talin, wasu na jira. Ni na je. Na tarar da shi durƙushe, gumi ya jiƙe rigarsa, mararsa ta yi tauri kamar ƙwarya. Ko ɗigo ya ƙi fita. Da ya gan ni, abin da ya fara yi shi ne miƙo mini talin.

A keken da ake tura dilar yadi muka fitar da shi zuwa bakin ƙofa. A asibiti aka zura masa roba. Yanzu yana gida, jakar fitsari ɗaure a cinyarsa, Mama Edith kuma har yau tana soya 'ya'yan kabewa.

Ran Litinin aka manna takardar sallama. Sunansa ne na bakwai. Dalili: yawan barin inji.

Na gaji da jin "sai haƙuri". A layinmu kaɗai na san mutum huɗu da suka haura hamsin, biyu daga cikinsu sun riga sun daina zuwa da gora.

Ran Laraba da ƙarfe huɗu ƙungiyar ma'aikata za ta zauna a kantin cin abinci. Buƙata biyu zan karanta: a cire sunan Baba Nicholas daga takardar, a kuma sauke talin daga ƙusa. Sai da hannu ɗari daga duk layukan masaƙar za a kai maganar gaban manaja. Ku zo. Ku ɗaga hannu inda Sylvanus zai gan ku.