Tsutsar Masarar Philemon

Gonar Maharazu da ta Philemon kunya ɗaya ta raba su a hanyar Dabai. Philemon tsohon soja ne, bara ya dawo gida ya kama noma, kuma ba ya tambayar kowa komai.

Da tsutsa ta faɗa wa masara bana, wani ya gaya masa ai mai fuka-fuki ke haifar ta. Shi ke nan. Maharazu ya iso da bokitin toka da yashi, ya tarar da ƙato ya tuɓe riga yana bin malam-buɗe-littafi da reshen dogon yaro. Rawaya da farare, ya kashe ya tara su kan dutse.

"Soja, mi waɗanga sunka yi maka?"

"Su ne abokan gaba."

Maharazu ya yi tsaki. Ya juya ganyen masara ɗaya. Ga ainihin mai fuka-fukin ta lafe, 'yar mitsitsiya mai launin ƙasa-ƙasa, da ƙyar ta kai farcen babban yatsa. Ya taɓa ta, ta tashi, fararen fuka-fukan ciki suka bayyana. Gefe ga ƙwai cunkus, lulluɓe da gashi kamar auduga.

"Wagga ita ce. Da rana kwana takai. Can ƙetaren teku ta fito, ba ta fi shekara goma da zuwa ba. 'Ya'yanta cikin zuciyar masara suke shiga, can za ka zuba toka."

Philemon ya dube ta ya yi dariya. "Wannan mummunar aba? Malam, toka aikin mata ne. Ni feshi zan yi."

Ya kuwa yi, da rana tsaka, sama-sama kan ganye, yana tafiya kamar a fareti. Tsutsa na ciki tana ci.

Da asarar Philemon ce kaɗai, da Maharazu ya sha kallo. Amma duk wadda ta ƙyanƙyashe can, gonarsa za ta tsallako ta yi ƙwai, kuma masarar nan ita ce tuwon gidansa na shekara.

Washegari da Maharazu ya gama zuba toka a tasa, ya tsaya yana hararar kunyar. Ya tofar da yawu, ya tsallaka. Gindi-gindi yake bi yana zuba toka a masarar wani ƙato.

Philemon na zaune a inuwa yana gyaran famfon feshi.

"Malam, ka bi a hankali, kana taka mini kunya."