Takardar Kwairi Ta Barira

Shekara tara ina sakatariyar Oga Muntaka, daraktan hukumarmu a garin Lafiya, kuma ban taɓa ganin yatsansa a kan kwamfuta ba. Tana nan kan teburinsa an lulluɓe ta da kyalle, a kanta yake ajiye hularsa. Duk imel ɗin da ya shigo masa ni nake bugawa a takarda in kai masa, ya yi rubutu da jan biro a gefe, ni kuma in aiwatar.

Bana sunana ya shiga jerin masu jiran ƙarin girma. Sharaɗi ɗaya ne: kada a samu takardar kwairi, wato ta tuhumar laifi, a fayil ɗinka.

Sai aka kawo mana kwas na kwana uku a kan tsaron kwamfuta a ma'aikata. Malamin, Terseer, ya iso a keke napep rungume da majigi, ya yi ta bayani da Hausarsa ta kasuwa.

"Ɓarawo na yanzu ba ya fasa ƙofa," in ji shi. "Zai turo maka link, kai da hannunka za ka buɗe mishi. Madam, kana ji?"

Ina ji, har rubutawa nake. Oga kuwa ya buɗe taro da jawabi, ya ci fanke biyu, ya yi gyangyaɗi har aka kai darasin lalata takardun sirri, sannan ya ce yana da mitin.

Abin da Terseer bai faɗa mana ba, ya ɗana tarko. Rana ta biyu wani saƙo ya shigo wa kowa, wai a latsa nan a ga sunayen waɗanda za a tura taro Dubai. Na gane shi sarai, na goge nawa. Na Oga dai na buga na kai, don ba hurumina ba ne in zaɓa masa abin da zai gani.

Takarda ta dawo da jan biro: "Barira, a latsa yanzu, a duba sunana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa irin wanda malamin ya hana ne."

"Malamin ne daraktanki?"

Na koma mazaunina, na tura saƙon daga akwatin imel ɗinsa zuwa nawa, na latsa.

Ranar rufe kwas Terseer ya haska sunayen waɗanda suka faɗa tarko a bango, ga nawa a na farko. Oga kuwa aka ba shi takardar yabo, wai akwatinsa ne ya fi na kowa tsabta. Ya miƙe yana gyara babbar riga, ya ce shi tun fil'azal mutum ne mai taka-tsantsan, kuma duk wanda ya latsa zai sha kwairi. Aka tafa. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

Da aka watse na bi shi ofis da takardar nan mai jan biro, na ajiye a gabansa.

"Ranka ya daɗe, a cire sunana. Umarninka na bi."

Ya sa tabarau ya karanta rubutunsa a tsanake, har da gyaɗa kai. "Akwai kwafi?"

Da ƙarya na yi da na tsira. Amma injin fotokwafi ya fi wata biyu a mace, kuma ya sani.

"Ai kin ji abin da malamin ya ce a kan takardun sirri," ya faɗa a hankali. Ya yaga ta gida takwas, ya zuba a aljihu.

Na tsaya ina kallonsa. Shekara tara.

"Ki je ki buga kwairin nan, mutum goma sha bakwai ne," ya ce. "Ki fara da naki, tunda kin san yadda ake rubuta sunanki daidai."