Sunan da ke Cikin Salula

Bawa ya bar Tamaske da caji kashi ɗari da amana guda. Ƙanensa Yaƙubu, da ke cirani a Abijan shekara uku in ban da zuwa ɗaya, an yi masa haihuwa a ƙauyensu bayan Deule, inda babu wuta, babu rezo, wato sabis ɗin waya. Sai ya turo wa Bawa saƙon murya ya ce sunan yaron yana ciki, kada a buɗe sai ranar suna, a gaban Inna Jima mahaifiyarsu. Bawa kuwa irin mutanen nan ne da in ka ba su ajiyar goro, sai ya bushe ba su ɓantara ba.

Salular ce ba ta san amana ba. Tsohuwa ce, batirin har ya kumbura. Kafin su kai Keita ta sha kashi talatin tana cikin aljihu.

Wata malamar lakwal, wato makarantar boko, da ke kusa da shi a mota ta ga yana ta ciro ta yana tsaki.

"Baba, cikin kwazazzaban ga neman rezo taka yi, shi ka cinye caji. Sa mata mod abiyon, mai alamar jirgin sama, ta bar nema."

Ta sa masa, ta rage hasken, ta rufe abubuwan da 'ya'yansa suka bari a buɗe. Ya yi godiya, ya naɗe salular a ƙyalle. Amma kowace tsayawa sai ya kunce ya leƙa ko tana nan da rai, leƙen ma ci yake yi. Mota ta lalace a Ibohamane, suka kwana. Kebul ɗin direba bai shiga bakinta ba.

Ya iso da hantsi a bayan babur, da kashi huɗu. Liman na zaune, rago na ɗaure, mutane sun gaji da jira. Bawa ya durƙusa gaban Inna Jima ya danna.

Muryar Yaƙubu ta fito. Ya gaida Inna, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi gero. Ya gaida liman, ya gaida kawunnai ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya rasu bara. Saƙon minti bakwai ne. Kashi biyu ya rage.

Gumi ya karyo wa Bawa. "Inna, bari in tura shi gaba, mu kai ga sunan."

Ta riƙe hannunsa. "Bar shi in ji ɗana."

Yaƙubu na cewa, "To, batun sunan yaro," sai salula ta yi baƙi.

Bawa ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Inna Jima ta share ido da gefen mayafi, ta ce da liman a sa Alƙasim, sunan marigayi mijinta, in Yaƙubu ya yi faɗa ya zo gida ya yi mata. Aka yanka rago.

Ranar kasuwar Bouza Bawa ya kai salular wurin mai caji. Da ta farfaɗo ya kara ta a kunne, ya sake jure gaisuwar duka.

"To, batun sunan yaro," in ji Yaƙubu, "ni ban zaɓa ba. Na bar ma Inna, ta sa wanda ranta ka so."