Makwancin Jar Saniya

A shekarun fari aka turo Bukar daga biro, wato ofishinsu na Zinder, zuwa wata makiyaya arewa da Zermu, wai ya auna numfashin ƙasa. Mutanen unguwarsu sun yi dariya har da riƙe ciki. Jikan fataken Barno, wanda kakanninsa suka auna kanwa da gishiri, yau shi ne mai auna iska!

Aikin ba wuya. Zai kife bokiti a ƙasa, a ƙarƙashinsa ɗan gwangwani mai farin gari. Garin nan yana shanye iskar kabon da ƙasa ke fitarwa, irin wadda mutum ke fitarwa ta hanci, wadda ɗanyar ciyawa ke zuƙa da rana. Washegari ya ɗora gwangwanin a ma'auni. In ya ƙara nauyi, ƙasa na da rai. Yana yin haka a jigawa, da fako, da inda aka taɓa cinna wuta, da inda dabbobi suka kiwace, sannan cikin wani fili da aka kewaye da waya.

Lokacin da farin ya yi tsanani, ko'ina ya yi shiru. Fako dama kurma ne. Jigawa ta bi sahu. Filin waya kaɗai ke ɗan motsa ma'auni, don busasshiyar gamba da datsi sun rufe shi, saiwoyinsu na nan da rai. Manyan da suka kawo aikin suka hau mota suka tafi, suka bar masa magana ɗaya: kada kofato ko ɗaya ya taka cikin wayar nan. Matarsa Aisa da yara suna Zinder. Ƙauyen da ke kusa ya watse, mutane sun yi kudu. Kaɗaici ya ishi Bukar har yakan gai da bokiti da safe.

Sai ga Dodo, wani tsohon Bafulatani da garkensa ya ƙare, saura jar saniya ɗaya da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Ya kafa turke a gindin aduwa, dab da wayar. Kullum da la'asar yakan zo, Bukar ya ɗora shayi, su zauna.

"Malam, yau me ƙasar ta ce?" in ji Dodo.

"Ta cikin waya tana nishi, Baffa. Sauran ko uffan."

Dodo ya dubi filin, ya jima. "Kai, gambar nan ta yi kyau. Allah ya yi mata albarka."

Haka yake faɗa kullum, ba ƙari. Saniyar kuwa takan ɗora haɓa a kan waya, ta tsaya tana kallo.

Kada a ce Bukar marar tausayi ne. Ya san in saniya mai yunwa ta shiga, har saiwa za ta tumɓuke, filin ya mutu kamar sauran, aikinsa ya bi shi. Duk da haka ya yanke a ransa: ranar da Dodo ya roƙa, zai buɗe, abin da zai faru ya faru. Ɗan birni ne, a kasuwa ya tashi, inda mai so ke buɗe baki ya taya. Bai san fulako ba, kunyar nan da za ta bar Bafulatani ya mutu da yunwa a gaban akushi bai miƙa hannu ba. Yabon gambar nan shi ne iyakar roƙon da bakin Dodo zai iya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma malamin awo ya duƙufa kan ma'auni.

Shi yana jiran a roƙa, tsoho yana jiran a ce bismilla. Shayi dai ake ta sha.

Ran nan Dodo ya shanye kofinsa, ya ajiye a hankali.

"Malam, ka riƙe amanar da aka ba ka. Haka ake so. Mu yafi juna."

"Haba Baffa, me ya yi zafi?"

"Babu komi. Rai ne."

Sai da gari ya waye, Bukar yana tsugune gaban bokiti, maganar ta faɗo masa. Ya tashi da gudu ya kwance ƙofar waya, ya wangale ta, ya nufi gindin aduwa yana kira. Turke kawai ya tarar, da toka mai sanyi, da sawun mutum da na saniya sun miƙe kudu, sawun saniyar yana jan ƙasa. Ya bi har rana ta take, iska ta share masa hanya. Ya dawo ya zauna bakin ƙofar a buɗe, ya yi kuka irin na yaro. Babu dabbar da ta rage a dajin da za ta shiga.

Bai sake jin labarinsu ba. Ya tambayi masu wucewa, kowa na da tsohonsa da saniyarsa da suka ɓace.

Da ruwa ya sauka daga baya, ɗan kaɗan, Bukar ya kife bokitansa kamar kullum. Guda ya rage a hannunsa, sai ya kai shi gindin aduwa, inda saniyar ta yi ta kwana tana zubar da ɗan kashin da yunwa ta bar mata. Washegari gwangwanin wurin ya fi na jigawa nauyi, ya fi na fako, ya fi ma na filin da ya tsare da waya. Tsiro har ya fara leƙowa kewaye da turken.

Da la'asar ya ɗora shayi, ya jera kofi biyu bisa sabo. Yau ƙasa ta yi magana, ya juya zai faɗa, babu mai tambaya.